Babi na Bakwai: Inda Kogi Ya Sha Gishiri

A kowane dare na watan Yuli, daga faɗuwar rana zuwa wajen tsakar dare, ruwan Chesapeake da ke gabar gabashin Amurka yakan cika da ƙwan kifi. Mai zuba su wani ɗan siririn kifi ne da ake kira ancobi, mai layin azurfa a gefensa, wanda da wuya tsawonsa ya haura santimita 10. Duk faɗin ruwan nan ba kifin da ya kai shi yawa. Mace ɗaya takan zuba ɗaruruwan ƙwai a dare guda, wani lokaci ma sama da dubu. Ta huta kwana ɗaya ko biyu, ko kuma ba ta huta ba sam, ta sake zubawa, haka nan tun daga Mayu har Satumba. Ƙwan ba ya nutsewa ƙasa, shawagi yake yi a ruwa, kuma cikin kimanin awa 24 ya ƙyanƙyashe. Abin da ke fitowa bai yi kama da kifi ba. Wani ɗan zare ne garai-garai mai tsawon milimita 2, baki bai buɗe ba, ido bai nuna ba, sai 'yar jakar gwaiduwa a ciki wadda za ta riƙe shi kamar kwana biyu. Kafin gwaiduwar ta ƙare dole baki ya buɗe, ido ya soma gani, sannan a yi sa'a abin da zai iya haɗiya ya gifta ta gabansa. Yawancinsu ba sa ganin mako na biyu.

Mai karatu zai iya cewa to me ya dame mu da kifin da ko masunta na wurin ba sa neman sa? Amsar tana cikin tumbin manyan kifaye. Ancobi da 'yan uwansa irin su sadin da herin da menhaden su ne ke cin ƙananan halittun da ke shawagi a ruwa, waɗanda ake kira fulankton, su mayar da su tsoka da mai. Daga nan kifin bas mai zane-zane, da tsuntsayen ruwa, da dolfin, har da manyan dabbobin teku, su ci su. In aka zare su daga tsakiya, na sama ba shi da hanyar kaiwa ga abincin da ke ƙasa. Wani kwamitin masana da Ellen Pikitch ta jagoranta ya fitar da rahoto a 2012 yana cewa waɗannan ƙananan kifaye su ne kashi 37 cikin 100 na nauyin duk kifin da ake kamawa a tekunan duniya, kuma darajarsu in an bar su a ruwa su ciyar da manyan kifayen kasuwa ta ninka ta kama su kai tsaye kusan sau biyu. Kwamitin ya ba da shawarar a rage yawan kamun da rabi a wurare da dama.

Sai dai kamu ba shi ne kaɗai ke hukunta yawansu ba, kuma ba shi ne na farko ba. Tun kafin jirgin masunta ya jefa raga an riga an gama rabon.

Wanda ya fara nuna haka a fili shi ne Johan Hjort, wani masani ɗan ƙasar Norwe. A zamaninsa ana ɗauka cewa in kifi ya yi ƙaranci a wata shekara, to ƙaura ya yi zuwa wani ruwan. Hjort da abokan aikinsa suka riƙa duba ɓawon jikin herin, inda ake iya ƙirga shekarun kifi, sai suka ga abin mamaki: kifayen da aka haifa a shekara guda, wato 1904, su ne suka mamaye kamun masunta shekara da shekaru, sama da goma. Shekarun da ke gabanta da na bayanta ba su bar wani abin kirki ba, alhali iyaye sun zuba ƙwai a cikinsu su ma. A littafinsa na 1914 ya kawo dalilai biyu. Na farko, ko jariran sun sami abinci a 'yan kwanakin da gwaiduwa ta ƙare. Na biyu, ko igiyar ruwa ta kai su inda za su rayu ko ta watsar da su inda ba komai. Bayan fiye da rabin ƙarni David Cushing na Ingila ya ƙara da cewa lokaci ma yana da hannu: kifi yana da ajalin zuba ƙwansa, fulankton kuma yana bunƙasa ne gwargwadon yanayin shekara, in suka yi daidai a sami yalwa, in suka saɓa a yi asara. Kusan duk binciken da aka yi daga baya a kan jariran kifi sharhi ne a kan waɗannan tambayoyi: ina ruwa ya kai su, me suka tarar a can, kuma yaushe.

*

Mahaɗar kogi da teku ba layi ba ce da za a nuna a taswira a ce ga inda zaƙi ya ƙare, ga inda gishiri ya fara. Chesapeake kanta tsohon kwarin kogin Susquehanna ne da teku ta malale bayan ƙanƙarar duniya ta narke. Tsawonta ya kai kilomita 320, amma matsakaicin zurfinta bai wuce mita 6 zuwa 7 ba. Ruwan da ke gangarowa cikinta yana fitowa daga ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 166,000, a jihohi shida da birnin Washington, kuma Susquehanna kaɗai ke kawo wajen rabinsa. A bakin teku kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 30, a can ƙuryar arewa kuwa ruwan sha ne. Tsakanin nan da can akwai kowane irin gauraye.

Ruwan kogi ya fi na teku rashin nauyi, saboda haka yakan hau kansa kamar yadda mai ke tasowa saman miya. Donald Pritchard, wanda ya yi awo a kogin James na jihar Virginia a farkon shekarun 1950, shi ya bayyana abin da hakan ke haifarwa. In aka cire kai-kawon cikowar teku da janyewarta, wanda ke faruwa sau biyu a rana, sai a ga ruwan sama yana tafiya teku a hankali, na ƙasa mai gishiri kuma yana kutsowa cikin ƙasa. Hanya biyu ke nan a cikin kwari ɗaya, ɗaya a kan ɗaya, kowace da inda ta nufa.

Ga halittar da ba ta iya ninƙayar kirki, wannan babbar dama ce. Jaririn kifi mai milimita 8 ba zai iya yin gaba da kogi ba, amma zai iya hawa ko sauka mita biyu ko uku. In ya tsaya a sama, teku za ta karɓe shi. In ya sauka ƙasa, ruwan gishiri zai tura shi ciki. Wasu nau'o'in ma sun fi haka dabara: sukan taso sama idan teku na cikowa, ta ɗauke su gaba, in ta soma janyewa su koma kusa da laka inda ruwa ba shi da ƙarfi, su jira cikowa ta gaba. Da haka suke cin kilomitoci ba tare da sun yi iyo ko na mita ɗari ba. Masu jan raga a kogin Patuxent da ke zuba cikin Chesapeake, da kuma kogin Hudson na New York, sun ga sawun wannan tafiya. Ƙwan ancobi da sababbin ƙyanƙyasa sun fi yawa a ƙasa-ƙasa inda gishiri ke da ƙarfi, amma duk sa'ad da aka ƙara matsawa sama sai jariran da ke shiga raga su ƙara girma. Ba a can aka haife su ba, zuwa suka yi.

Me suke nema a sama? A daidai inda harshen ruwan gishiri ya ƙare, inda gishirin ƙasa bai wuce giram ɗaya ko biyu a lita ba, hanyoyin nan biyu suna karo. Lakar da kogi ya kwaso tana sauka, ruwan ƙasa ya dawo da ita, cikowar teku ta sake tayar da ita. Sai wurin ya zama mafi gurɓacewa a duk mahaɗar, ruwa ja-ja ko ruwan ƙasa, wanda baƙo zai kalla ya ce ba abin da zai rayu a ciki. Nan ne kuwa gidan reno. Tarkon da ke tara laka shi ke tara ruɓaɓɓen ganye da ƙwayoyin halitta, kuma a kansu wasu ƙananan dangin jatan lande da ake kira kofefod suke kiwo su yi yawa ƙwarai. 'Ya'yan kofefod su ne abincin farko na kusan kowane jaririn kifi. Duhun ruwan kuma yana ɓoye jariri daga mafarautan da ke farauta da ido, shi kuwa abincinsa a ɗan taƙi yake gani, duhun bai hana shi ba. Edward Houde na Jami'ar Maryland da ɗalibarsa Elizabeth North sun nuna, a ƙarshen shekarun 1990 da farkon na 2000, yadda jariran bas ke taruwa a wannan yanki na arewacin Chesapeake tare da abincinsu.

Abin lura shi ne yankin ba shi da mazauni. In Susquehanna ya kawo ruwa da yawa sai ya tura shi kudu, ya kuma ƙarfafa shi. In an yi fari sai ya ja arewa ya raunana. Kifin da ya zuba ƙwai a wurin da kakanninsa suka saba zai iya tarar da gidan renon ya matsa kilomita 20 ko 30.

*

Tafiyar menhaden ta fi ta ancobi nisa nesa ba kusa ba. Shi kifi ne mai faɗin jiki da yawan mai da ƙaya, yana kaiwa santimita 30 ko fiye, kuma ba a cin sa a teburi. Manyan suna zuba ƙwai ne a cikin teku, mafi yawa a ƙarshen shekara da tsakiyar hunturu, musamman daura da jihar North Carolina, wani lokaci kilomitoci masu yawa daga gaɓa. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. Daga nan jaririn yana hannun iska da igiyar ruwa har wata ɗaya ko biyu. Waɗanda ruwa ya yi gabas da su sun tafi ke nan. Waɗanda suka dace suna isa bakin mahaɗa tsakanin Nuwamba da Afrilu, tsawonsu milimita 20 zuwa 30, har yanzu sirara garai-garai, su bi ruwan ƙasa su shiga. A garin Beaufort na North Carolina ma'aikatan gwamnatin tarayya suna zura raga daga kan wata gada da dare, mako-mako a lokacin shigowar, tun tsakiyar shekarun 1980, don kawai su ƙirga masu shigowa. Aiki ne mai gundura, cikin sanyi, kuma irinsa ne ke riƙe da duk abin da aka sani a wannan fanni.

A cikin ƙananan rafuffuka masu ƙarancin gishiri menhaden yake sauya kama. Jiki ya faɗaɗa, ɓawo ya fito, wata matata mai laushi ta tsiro a maƙogwaro. Ya daina farautar kofefod ɗaya-ɗaya, ya koma buɗe baki yana tace ruwa. Kafin sanyi ya dawo ya kai tsawon yatsa ko tafin hannu, sai su yi garke su fita teku.

Kifaye biyu ke nan a ruwa ɗaya, kowanne da dabararsa. Ancobi yana zuba ƙwai a cikin gidan renon, dare bayan dare har wata huɗu, ko wani mako ya ɓaci wani zai gyaru. Menhaden yana zubawa a waje, ya bar wa iska dakon 'ya'yansa.

*

Yanzu ga maganar girma, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin.

A cikin kan kowane kifi mai ƙashi akwai wasu 'yan duwatsu na alli da yake ji da su, yake kuma daidaita tsayuwarsa. A 1971 Giorgio Pannella ya gano cewa dutsen kunnen nan yana ƙara zobe ɗaya a kowace rana. A jariri dutsen bai kai ƙwayar ƙura ba, amma in aka ciro shi da allura aka sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana iya ƙirga kwanakin kifin, a san daren da aka haife shi. Faɗin kowane zobe yana nuna yadda ya girma a ranar. Har sinadaran da ke cikin zoben suna faɗin ko a ruwan gishiri yake a lokacin ko a ruwan daɗi, domin sinadarin sitirontiyam ya fi yawa a na teku. Da wannan aka tabbatar da hawan 'ya'yan ancobi daga kudancin Chesapeake zuwa arewa. Da shi kuma aka auna cewa jaririn ancobi a can yana ƙara rabin milimita zuwa kashi uku cikin huɗu na milimita a rana, ya fi sauri a Yuli in ruwa ya yi ɗumi kuma kofefod sun yawaita.

Bambancin rubu'in milimita a rana kamar ba komai ba ne. Bari mu yi lissafi na misali. A ce jarirai miliyan ɗaya, kuma kowace rana ɗaya cikin goma na waɗanda suka rage yana mutuwa, har sai sun kai girman da za su iya tsere wa maƙiyi. In suka kai wannan girma cikin kwana 40, za a sami kusan 14,800 da rai. In abinci ya yi ƙaranci ko ruwa ya yi sanyi har tafiyar ta ɗauki kwana 60, waɗanda za su rage ba su wuce 1,800 ba. Ninki takwas ke nan, alhali ba annoba, ba guba, ba wata ranar da kifaye suka taso matattu a bakin ruwa har jarida ta ɗauka. Jinkiri ne kawai. Houde ya yi shekaru yana jan hankalin masana ga wannan tun daga 1987: ba sai yunwa ta kashe jariri ba, ya isa ta rage masa sauri, sauran aikin mafarauta za su ƙarasa. Kuma ɗaya cikin goma ɗin nan sassauci ne. A ancobin Chesapeake an sha auna asarar da ta kai ɗaya cikin biyar a rana, ko fiye.

Akwai wani abu da zoben ke tonawa wanda ya fi wannan daɗin ji. In aka kama matasan kifi a watan Oktoba aka karanta duwatsunsu, aka kwatanta da na jariran da aka kama a Yuli, sau da yawa sai a ga waɗanda suka tsira ba samfurin kowa da kowa ba ne. Daga wasu 'yan makonni suka fito, ko daga wani sashe na ruwan, kuma galibi su ne masu faffaɗan zobe tun farko. Wannan ya sa masana suka gyara ma'anar gidan reno. Wani rukuni ƙarƙashin Michael Beck ya rubuta a 2001 cewa yawan jarirai a wuri bai isa a kira shi gidan reno ba. Abin tambaya shi ne wurin nawa yake bayarwa ga garken manya. Rafi zai iya cika maƙil da jarirai ya zama maƙabarta.

Su wa ke cin su? Manyan ancobi kansu suna haɗiye ƙwan jinsinsu in sun ci karo da shi. Amma manyan maƙiya a Chesapeake ba kifaye ba ne, halittu ne masu jikin yauƙi, garai-garai, marasa ƙashi. Ɗaya ana kiranta Mnemiopsis, ba ta harbi, tana shawagi tana share ƙwai da jarirai da kofefod gaba ɗaya, wato tana cin yaro tana cin abincinsa. Ɗayar mai dogayen igiyoyi ce masu harbi, wadda masu wanka ke tsoro. Ita ma tana cin jariran kifi, amma ta fi cin Mnemiopsis, don haka shekarar da ta yi yawa tana iya zama sauƙi ga ancobi. Wanda ke shakkar ƙarfin Mnemiopsis ya dubi Baƙar Teku. Jiragen ruwa sun kai ta can cikin ruwan da suke ɗauka don daidaita nauyi, a farkon shekarun 1980. Zuwa 1989 da 1990 kamun ancobi na can, wanda dama an matsa masa da raga, ya rushe.

Ruwa ba ya tsami banza. Takin zamani da kashin kaji da na shanu daga gonakin Pennsylvania da Maryland da Virginia, da ƙazantar birane, suna gangarowa su ciyar da gansakukar ruwa fiye da kima. In ta mutu ta nutse ta ruɓe, ruɓar ta shanye iskar oksijin ta ruwan ƙasa, kuma da yake ruwan sama ya danne shi ba ya samun sabuwa. Duk lokacin zafi oksijin da ke tsakiyar kwarin Chesapeake mai zurfi yakan sauka ƙasa da miligiram 2 a lita. Ka tuna ruwan ƙasan nan shi ne hanyar shiga ciki. In ya zama ba ya shaƙuwa, jarirai da kofefod sai su matsu a sama, inda ruwa ke fita teku. Denise Breitburg ta nuna a gwaje-gwajenta cewa halittun yauƙin nan sun fi jariran kifi jure ƙarancin iska: jariri ya galabaita ya kasa gudu, su kuwa suna ci gaba da kamu. Jihohin yankin sun sa hannu kan yarjejeniyar tsabtace ruwan tun 1983, hukumar kare muhalli ta tarayya kuma ta ƙayyade musu iyakar takin da zai shiga a 2010. An sami ragi, amma ramin da ba iska yana dawowa kowace shekara.

Ko ba hannun mutum, shekara ba ta yi wa kowa daidai. Robert Wood da Herbert Austin sun tattara ƙididdigar matasan kifi ta shekaru da dama, wadda jihar Maryland ta soma tun 1954, suka buga sakamako a 2009. Shekarar da sanyi ya daɗe kuma koguna suka cika, kifayen da ke hawa kogi su zuba ƙwai, irin su bas, suna samun 'ya'ya da yawa, menhaden kuma ya yi ƙasa. Shekarar da ɗumi ya zo da wuri kuma ruwa ya yi ƙaranci sai abin ya juye. Saboda haka in an ce “bana ruwa ya yi kyau”, sai a tambaya: ga wa?

A California sun ɗauki wannan ilimi sun mai da shi doka. Tun 1995 hukumomin ruwa suna auna nisan da ke tsakanin gadar Golden Gate, da ke bakin wata mahaɗa a can, da wurin da gishirin ƙasa yake giram 2 a lita, suna kiran nisan X2, kuma ana tilasta wa madatsun ruwa su saki abin da zai tsayar da shi a inda ya dace a watannin renon kifi. Manoma da birane suna ganin ruwan da aka saki asara ne, rigimar kuma ba ta ƙare ba. Dokar ma ba ta ceci ɗan kifin da ake kira delta smelt ba, domin tun 2018 babban binciken raga na kaka bai sake kama ko ɗaya ba.

A Chesapeake rigimar a kan menhaden take. A Reedville ta Virginia, inda Elijah Reed ya kafa masana'antar matse kifi a 1874, har yau jirage suna fita, ƙananan jiragen sama suna nuna musu garke, a kewaye shi da raga, a mai da shi gari da mai don abincin kifin gona da dabbobi da ƙwayoyin magani. Hukumar jihohin gabar Atlantika ta sa iyakar tan 51,000 a shekara ga abin da masana'antar za ta kama a cikin Chesapeake a 2017, kuma a 2020 ta soma lissafa rabon bas kafin ta yanka na masunta. Mataki ne mai kyau. Amma raga kaɗai yake taɓawa. Matasan menhaden a rafuffukan Maryland sun yi yawa a shekarun 1970 da 1980, suka ragu daga shekarun 1990 suka daɗe a ƙasa, ko a lokutan da ƙididdiga ta nuna iyaye suna da yawa a teku. Abin da ya faru tsakanin ƙwai da tsawon yatsa, ba hukumar kamun kifi ke da iko da shi ba.

*

Menhaden yana da ɗan uwa a gabar Afirka ta Yamma, mai kama da shi a siffa da ci da dogaro ga mahaɗa. Shi ne bonga, wanda ake kamawa daga Muritaniya har Angola, kuma bandarsa tana isa kasuwannin da ke da nisan kilomita dubu daga teku. A Najeriya masuntan Akwa Ibom da Kuros Riba da yankin Neja Delta ne ke kama shi. 'Ya'yansa suna girma a rafuffukan da ke ƙarƙashin itatuwan mangurof, itatuwan da ake sarewa a yi bandar iyayensu da su, waɗanda kuma wani kwakwan ruwa da ake kira nifa, da aka shigo da shi Kalaba a 1906, yake ta ƙwace wa wuri.

A Senegal da Gambiya ne aka fi ganin abin da ke faruwa in kogi ya gaza. Farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980, wanda ya kashe dabbobi daga Agadas har Katsina, ya kai hannu har bakin teku. Kogin Saloum ya daina samun ruwan daɗin da zai tura gishiri waje. Teku ta shiga, rana ta ƙafar da ruwan, gishiri ya zauna. Mahaɗar ta juye: maimakon gishiri ya ragu in ana hawa, sai ya ƙaru, har a wajen garin Kaolack yakan haura giram 100 a lita a ƙarshen rani, ninki uku na teku. Kogin Casamance ma haka ya yi. Kogin Gambiya da ke tsakaninsu bai juye ba, domin daga tsaunukan Futa Jalon na Gini yake samun ruwa. A can harshen gishiri yana hawa fiye da kilomita 200 da rani, damina ta koro shi ƙasa. Jacques Panfili da abokan aikinsa sun kwatanta bongan kogunan biyu, ta hanyar duwatsun kunne, suka buga a 2004. Bonga ya jure gishirin Saloum fiye da yawancin kifaye, amma inda gishiri ya yi tsanani girmansa ya ragu, kuma yana soma haihuwa tun yana ƙarami.

Abin da fari ya yi wa Saloum, siminti ya yi wa kogin Senegal ta wata fuskar. Kafin 1986 ruwan teku yakan hau shi kusan kilomita 200 da rani. Madatsar Diama, wadda aka gina don kare gonakin shinkafa daga gishiri, ta tsayar da shi 'yan kilomitoci sama da birnin Saint-Louis, dogon yankin gauraye ya koma guntu. A Gambiya kuwa masana'antun garin kifi sun buɗe a Gunjur da Sanyang da Kartong a shekarun 2010, suna sayen bonga da sadin jirgi-jirgi, mata masu banda suna kukan tsada. A can sama kuma, a Sambangalou kusa da iyakar Senegal da Gini, ƙasashen da ke raba kogin sun tsara madatsar lantarki mai megawat 128. Madatsa irin wannan tana rage ambaliyar damina, ta ƙara ruwan rani. Manomin shinkafa na tsakiyar Gambiya zai ji daɗin ja da bayan gishiri. Ambaliyar da za a rage kuwa ita ce ke kawo laka da abinci cikin mangurof, ita ce kuma ke tsara inda ruwan gauraye zai tsaya a watannin da 'ya'yan bonga ke shigowa.